Nazarin Lamari: Yadda Wani Shagon Ɗinki a Fagge Ya Tsara Aikin Sallah Bisa Gwargwadon Ƙarfinsa

Shagon ɗinkin da wannan nazari ya shafa yana unguwar Fagge ne a birnin Kano, unguwar da ta daɗe da yin suna wajen teloli, kuma tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa tsakaninsa da kasuwar Kantin Kwari, inda mafi yawan abokan cinikinsa suke yanko shadda da yadi su wuto da su kai tsaye. Ɗinkin maza kaɗai ake yi a cikinsa, wato kaftani da wando, da jamfa, da 'yar shara, sai babbar riga ga masu hali. Mai shagon, wanda za a riƙa kira maigidan a nan domin haka yaransa suke kiransa, ya koyi sana'ar tun yana ƙarami a hannun baffansa, kuma ko a cikin teloli 'yan'uwansa ba a samun mai kushe hannunsa wajen yanka. A farkon 2023 yana da kekunan ɗinki uku da keken surfani guda ɗaya, da teloli biyu da ake biya gwargwadon abin da suka ɗinka, da mai surfani, da yara uku masu koyo. Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci a tsaya a duba shi ne, shago ne da aiki yake yi wa yawa duk lokacin sallah, amma kowace shekara sai a idar da sallah maigidan yana da bashi a wuyansa, ga kuma mutanen da suka yi fushi da shi.

Abin da ya faru a 2023

Shekarar ta zo wa masu ƙananan sana'o'i da abubuwa biyu masu nauyi a jere. Na farko shi ne ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, wanda ya yi tsanani daga Janairu zuwa Maris. Magidanta da yawa ba su samu sukunin yin sayayyar sallah da wuri ba, saboda haka ɗinkin da aka saba kawowa tun kafin azumi sai ya taru ya sauko a lokaci guda bayan azumi ya yi nisa, alhali ƙaramar sallah ta kama ranar 21 ga Afrilu. Maigidan bai mayar da kowa ba. Littafin awonsa ya nuna ya karɓi kaya kusan 200 a cikin watan azumi kaɗai, kuma da ya ga ba za su fita ba sai ya rarraba wasu ga teloli na waje, waɗanda su ma nasu aikin ya sha musu kai.

Wanda ya leƙa shagon a daren jajibere zai ga ledoji jibge har bakin ƙofa, kowace da guntun takarda mai suna an maƙale da allura, janareta yana ta ruri a waje, magidanta kuma suna zaune a kan benci da 'ya'yansu suna jiran a sa maɓalli. Wani an haɗa masa wandon da aka yanka bisa awon wani, wata rigar kuma an yi mata aikin wuya da zaren da mai ita bai zaɓa ba. Aka wayi garin sallah da kaya wajen 30 ba a gama ba, kuma shadda biyu daga cikin waɗanda aka bayar waje sun lalace har sai da maigidan ya biya masu su.

Bai gama farfaɗowa ba aka sanar da janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki. Babbar sallah ta zo ranar 28 ga Yuni, kuma mafi yawan ɗinkinta an riga an yi cinikinsa a tsohon farashi. Ya ci bashin mai, ya ci bashin zare a kasuwar Ƙofar Wambai, kuɗin hayar shago kuma ya ƙarato.

Burin da ya zo da shi da wanda aka tsayar

Da ya zauna yin shawara da ƙaninsa, wanda yake riƙe wa wani ɗan kasuwa lissafi a Kantin Kwari, maigidan ya zo da jerin abubuwan da yake ganin su ne mafita. Yana son ya koma babban shago a bakin titi, yana son keken surfani mai aiki da kwamfuta, yana son a buɗe masa shafi a Instagram domin ya samu masu ba da aiki daga Abuja da Kaduna, yana kuma tunanin fara ɗinka kayan yara yana ajiyewa domin sayarwa. Babu wanda yake aibu a cikinsu, sai dai dukkansu hanyoyi ne na ƙara jawo aiki, alhali shagon bai taɓa kukan rashin aiki ba. Wannan kuskure ne da ake yawan gani wurin masu sana'ar hannu: idan kuɗi ya yi ƙaranci sai a ɗauka ciniki ne ya yi kaɗan, ba a tsaya an duba ko cinikin da ake yi ne yake cinye kansa ba.

Ƙanin bai yi jayayya da ko ɗaya ba. Tambaya ɗaya ya yi, ya ce, "Yaya, kaya nawa shagon nan yake iya gamawa a rana ɗaya, har guga da ninki?" Maigidan ya ce ya danganta, kuma gaskiya ya faɗa, amma a kan wannan "ya danganta" ɗin ne yake ɗaukar wa mutane alkawari shekara da shekaru. Suka yi matsaya cewa ba za a kashe ko sisi a kan sabon abu ba sai an samu amsar tambayar.

Aka ba babban yaron shagon littafi mai layi, aka ce duk yamma ya rubuta abin da aka gama a ranar da irinsa, kuma kada ya ƙidaya kaya sai an sa masa maɓalli an goge an saka a leda. Bayan 'yan makonni sai abu ya fito fili wanda kowa a shagon yake gani kullum amma ba wanda ya taɓa lissafa shi. Telolin nan biyu suna iya haɗa fiye da abin da yake fita, domin rigunan da suka haɗa suna zuwa su taru a gefen keken surfani, wanda shi kaɗai ne, mai aikinsa ɗaya ne, kuma ba ya motsi sai da wuta. Kaftani marar aiki yana fita a ranar da aka yanka shi, mai aikin wuya da na hannu yakan kwana, babbar riga kuwa tana iya riƙe keken yini guda tana tare wa sauran hanya. Ashe cewa an karɓi kaya 200 ba ta nuna komai, tunda kaya ɗaya yana iya cin lokacin huɗu.

A kan haka suka ƙirƙiri ma'auni mai sauƙi da suke kira gurbi. Kaftani marar aiki gurbi ɗaya ne, mai aiki gurbi biyu, babbar riga da 'yar cikinta da wando gurbi huɗu, kayan ƙaramin yaro kuma rabin gurbi. Da aka mayar da abin da littafin ya nuna zuwa wannan ma'auni, sai aka ga shagon yana fitar da gurbi goma a rana ba tare da an kwana ana aiki ba. Idan aka ɗauka cewa mafi yawan kayan sallah masu aiki ne, abin da maigidan ya karɓa a azumin 2023 ya kusa gurbi 400, a watan da shagon ba ya iya wuce 300 sai da kwana zaune. Tun ranar da ya karɓi kayan nan alkawarin ya riga ya saɓu, ko da wuta ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya.

Sai aka tsayar da buri guda, aka rubuta shi a bangon farko na littafin: kowane kaya ya fita ranar da aka faɗa wa mai shi, kuma a idar da ƙaramar sallah ta 2024 ba tare da ana bin shagon bashi ba. A ƙarƙashinsa aka rubuta na biyu, wanda ba za a taɓa ba sai na farko ya tabbata, wato sayen keken surfani na biyu ba tare da cin bashi ba. Babban shago da Instagram da sauransu aka jingine su, domin taura biyu ba ta taunuwa. A ganina wannan jinginewa ita ce mafi ƙarfin abin da aka yi a zaman, saboda tsarin da yake ɗauke da buri biyar ba ya iya gaya wa mutum abin da zai bari idan biyu daga ciki suka ci karo, kuma kullum sai sun ci karon.

Allon kwanaki da kuɗin kafin alƙalami

Kalandar Musulunci tana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka azumin 2024 ya kama daga 11 ga Maris, cikin tsakiyar zafin bazarar Kano. Wannan ya sa ba a ƙara adadin gurabe ba a lissafin azumi duk da cewa ana komawa aiki bayan asham, domin abin da dare zai ƙara, rana da ƙishirwa sun riga sun rage shi. Aka sami allon katako aka zana kwanakin Sha'aban da na Ramadan, kowace rana da gurabenta goma, Juma'a kuma biyar. Kwanaki uku na ƙarshen azumi aka bar su fayau, ba a rubuta sunan kowa ba, domin gyaran abin da ya matse ko ya yi yawa, da kuma cike giɓin ranar da keke ya lalace. Duk wanda ya kawo kaya, yana tsaye za a duba allon a gaya masa ranar da take da wuri, a rubuta sunansa da alli a gabansa. Amfanin allon ya wuce tunatarwa, domin ya mayar da maganar rana daga abin da maigidan yake yankewa don ganin ido zuwa abin da kowa yake iya karantawa da kansa.

Tun da gurabe na azumi ba za su wuce 250 ba, dole ne a jawo wani kaso na ɗinkin sallah zuwa Sha'aban. A nan tsohon littafin awo ya yi rana, domin yana cike da lambobin wayar mutanen da suka shekara da shekaru suna kawo ɗinki. A cikin Rajab aka aika musu da saƙon murya ta WhatsApp, da muryar maigidan kansa, cewa wanda ya kawo kayan sallah a Sha'aban zai biya kuɗin ɗinki na yau da kullum, wanda ya kawo cikin azumi zai biya da ƙari, kuma ranar da allo ya cika an rufe karɓa. Ba kowa ne ya amsa ba, musamman ma'aikata masu jiran albashi, amma 'yan kasuwa da masu iyali da yawa sun kawo nasu da wuri, kuma su ne dama suke kawo kaya shida ko takwas a lokaci ɗaya.

Maganar kuɗi ta fi ta allo wuya. A da, maigidan yana karɓar kafin alƙalami yadda ya samu, wani ya ba da kaɗan, wani ya ce sai ya zo karɓa, kuma abin da ya shigo aljihu ɗaya yake shiga da kuɗin cefane. Sakamakonsa shi ne kuɗin da aka karɓa a farkon azumi yana tafiya wajen sukari da gero da kayan buɗa-baki, sai a shiga goman ƙarshe, lokacin da janareta yake kwana yana aiki, babu kuɗin mai babu na zare. Ƙanin ya tsaya a kan cewa kafin alƙalami ba riba ba ce, amana ce har sai kayan sun fita. Aka yanke cewa kowa zai ba da rabin kuɗin ɗinki ranar da ya kawo, ya cika ranar karɓa, kuma kaya ba ya barin shago sai da ciko. Ƙarancin kuɗin 2023 ya bar alheri ɗaya a baya, wato ya saba wa mutane da tura kuɗi ta waya, saboda haka aka buɗe wa shagon asusunsa daban da na'urar POS, maigidan kuma ya yanka wa kansa abin da zai ɗauka kullum domin gida, ba ya ƙetare shi. Duk Asabar da yamma su biyun suna zama su gwada abin da ya shiga asusun da abin da littafi ya ce ya fita, zaman da ba ya wuce rabin sa'a.

Wurin gyaran farashi ne aka ci karo da abin da ya fi ba maigidan mamaki. Aka tara abin da shagon yake kashewa a mako, wato mai da zare da allura da sitati da ladan teloli da sallamar yara da kason haya, aka raba da yawan gurabe, sai aka san abin da gurbi ɗaya yake ci kafin a yi maganar riba. Da aka ɗora farashin kowane irin ɗinki a kan wannan, sai ta bayyana cewa babbar riga, wadda ita ce abin alfaharin shagon kuma ita ake ratayewa a gaba, ita ce mafi ƙarancin riba. Kuɗinta ya ninka na kaftani marar aiki sau uku ne kawai, alhali tana cin gurbi huɗu, ga zare mai yawa, ga sa'o'in janareta. Kaftanin da ake rainawa shi ne yake ciyar da shagon. Ba a daina babbar riga ba, domin ita take riƙe da manyan abokan ciniki, amma an ɗaga kuɗinta sosai kuma an ƙayyade cewa ba za a sa fiye da ɗaya a rana ba.

Akwai wani dalili na waje da ya ƙara wa wannan taka-tsantsan muhimmanci. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 kuɗin dala ya yi ta hawa har ya haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma tun da shadda daga waje take zuwa, ko Getzner ta ƙasar Ostiriya ko masu sauƙin kuɗi na ƙasar Sin, farashinta a Kwari ya bi sahu. Magidancin da ya saba ɗinka kala uku ya koma ɗaya, kuma wannan ɗayan ya zama abin da ba zai yafe a ɓata masa ba. Yadi goma na shadda mai tsada idan ya lalace a hannun tela yana iya cinye ribar makonni, saboda haka aka haramta bayar da aiki waje gaba ɗaya.

Inda kunya ta shigo

Duk wanda ya san zaman Kano ya san cewa cikar allo ba ta hana surukin mutum zuwa da leda ana saura kwana biyar sallah, haka limamin unguwa, haka mai gidan da ake haya a cikinsa. Tsarin da ya yi kamar waɗannan mutane ba sa nan zai rushe a makon farko, kuma abin yabo ne cewa an yi musu tanadi tun daga farko. An ware gurabe 20 da ba a rubuta a allo ba, suna cikin littafi ne kawai, domin waɗanda ba a iya kallon idonsu a ce a'a. Maigidan ne kaɗai yake da ikon taɓa su, kuma idan sun ƙare sun ƙare.

Allon ya cika ranar goma ga azumi, guraben ɓoye kuma suka ƙare kafin a shiga goman ƙarshe. Daga nan ne aka gwada tsarin da gaske, domin wani attajiri da ya daɗe yana kawo ɗinki ya aiko direbansa da shadda kala huɗu, da aka mayar sai ya zo da kansa, ya ce a faɗi ko nawa ne zai biya. Maigidan ya fito ya gaishe shi, ya ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri. In na karɓa ƙarya zan yi, kuma ba zan so a ce ni na hana ka fita idi ba. In an amince, kwana uku bayan sallah suna hannunka." Ya kuma kwatanta masa shagon wani tsohon yaronsa da ya yaye. Alhajin ya kwashe kayansa ransa a ɓace, bai kuma sake kawo ɗinki ba a wannan shekarar. Ba a kan kowa irin wannan magana take ƙarewa da daɗi ba, kuma bai kamata a ɓoye cewa shagon ya rasa wasu abokan ciniki ta wannan hanya ba. Abin da za a auna shi ne, kala huɗun nan gurbi goma sha shida ne idan manyan riguna ne, wato kayan mutum takwas da suka kawo nasu a kan lokaci, kuma su ne za a bari a kan benci a daren jajibere.

An yi ƙaramar sallah ranar 10 ga Afrilu. Jimillar kayan sallah da shagon ya ɗinka tsakanin Sha'aban da azumi ta tsaya wajen 170, ƙasa da na shekarar da ta gabata. Kaya huɗu ne suka wuce ranarsu, dukkansu saboda keken surfani ya tsaya kwana biyu ana neman kayan gyara, kuma an gama su a cikin kwanakin nan uku da aka bari. Ba a biya kowa kuɗin shadda ba, ba a ci bashin mai ba, an biya mai zare tsohon bashinsa, kuma abin da ya rage a asusu ya isa maigidan ya shiga adashin mako da wasu teloli na layinsu. An yi maganar neman keken ta hanyar bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da TAJ, amma ya zaɓi adashi saboda ya fi sanin kansa. Babbar sallah, wadda take zuwa bayan kimanin kwana 70 kuma ta kama 16 ga Yuni, an bi ta da allon nan ba tare da wani sabon abu ba.

Kwangilar yunifom

Bayan babbar sallah aiki yakan ja baya, sai ɗinkin angwaye da anko jefi-jefi. Domin cike wannan giɓi maigidan ya karɓi aikin ɗinka wa wata makaranta mai zaman kanta yunifom na sabon zangon Satumba, har ya yi wa shagon rajistar suna a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC domin makarantar ta buƙaci haka. Tunanin daidai ne, domin yunifom ba ya buƙatar surfani kuma yara masu koyo suna iya haɗa shi. Amma saboda zumuɗin samun babban aiki sai ya yarda ya sayi yadin da kuɗinsa, ba tare da kafin alƙalami ba, a kan za a biya shi idan iyaye sun biya kuɗin makaranta. Kuɗin da ya zuba kuwa kwasar adashinsa ce, wadda aka tanada domin keke. Biyan ya riƙa zuwa gutsi-gutsi har ƙarshen zango, kafin ya kammala kuma farashin keken ya ƙaru, litar mai ma ta haura naira 1,000 a ƙarshen shekarar.

Abin lura a nan shi ne ƙa'idar da ta kare shi daga mai kaftani ɗaya ita ce ya ajiye gefe da babban mai ba da aiki ya zo, alhali a nan ne asarar take da girma. Ƙanin bai san da yarjejeniyar ba sai bayan an sayi yadin, domin zaman Asabar ya riga ya fara tsallake makonni da aiki ya lafa. Suka dawo da zaman, suka kuma ƙara layi ɗaya a bangon littafi cewa makaranta ko ƙungiya ko masu anko, ko dai su kawo yadinsu ko su ba da rabin kuɗi.

Halin da shagon yake ciki a 2025

An samu sayen keken surfani na biyu, na hannu ne amma mai lafiya, ana gab da shiga Sha'aban, aka kuma ɗora ɗaya daga cikin yaran a kansa domin ƙananan ayyukan wuya. An fara azumi ranar 1 ga Maris, aka yi sallah ranar 30 ga wata, kuma a wannan karon masu kawo kaya a Sha'aban sun ƙaru ba tare da an yi ta roƙonsu ba, domin waɗanda aka mayar bara sun riga kowa zuwa, har da Alhajin nan mai kala huɗu. Jimillar kaya ta haura 200, wato adadin da ya durƙusar da shagon a 2023, sai dai yanzu a cikin wata biyu aka shimfiɗa shi.

Maigidan ya so ya ninka gurabe zuwa ashirin tun da keke ya zama biyu, amma littafin babban yaro bai goyi bayan haka ba. Rigunan sun daina taruwa a gefen surfani, sai ga teloli suna zaune da safe suna jiran a yanka musu, domin almakashi a hannun mutum ɗaya yake, kuma shi ne yake ɗaukar awo, shi yake ciniki, shi yake zuwa Ƙofar Wambai sayen zare. Aka tsaya a gurbi goma sha huɗu, aka karɓe masa sayayya aka ba yaro, aka kuma ware masa sa'o'in safe domin yanka kaɗai, masu kawo kaya su zo bayan azahar.

Sauran maganin a bayyane yake, amma shi ne wanda teloli suka fi gudu, wato koya wa wani yanka. Telan da ya iya yanka ya zama cikakken maigida, kuma ba abin da zai hana shi kama shago a layi na gaba ya tafi da rabin mutanen da suka saba da fuskarsa. Maigidan ya daɗe yana jan ƙafa a kan wannan kafin ya kira babba daga cikin telolinsa biyu suka yi magana a gaban ƙanin da wani dattijo na layin. Suka daidaita cewa telan zai riƙa yanka kayan yara da kaftani na yadi mai sauƙin kuɗi, maigidan ya ci gaba da yanka shadda mai tsada da manyan riguna, za a ƙara wa telan lada a kan kowane gurbi da ya yanka, shi kuma ya yi alkawarin zama har a yi salla huɗu, bayan nan in yana son tsayawa da ƙafarsa maigidan ne zai yaye shi da keke ɗaya. An rubuta wannan a takarda kowa ya sa hannu, kuma an bar adadin gurabe a goma sha huɗu har sai littafi ya nuna yankan telan ya daina dawowa gyara.